Alamomin addini da na gargajiya a kwalin kyautar furanni: Abin da ya kamata 'yan kasuwa su sani

Kafin kalmar "lefe" ta zama sunan kayan da ango ke kai wa amarya, sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba tufafin aure a ciki. Daga baya kwalla ta karɓe shi, akwati kuma ya karɓi kwalla, amma sunan mazubin farko ya zauna a kan kyautar har yau. Bahaushe bai taɓa raina mazubi ba. Goro a huhu yake zuwa, ƙwaryar fura kuwa ba ta fita gida sai an rufe ta da faifai.

Wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta haɗu da sabuwar haja a shagunan kayan kyauta: furannin da aka sarrafa don su daɗe ba su yi yaushi ba. Mai shago a Azare, hedikwatar masarautar Katagum, ko a Yana da Disina cikin Ƙaramar Hukumar Shira, idan ya saro irin wannan kaya, dole ya yanke shawarar abin da zai buga a jikin kwalin: jinjirin wata, ko dagi, ko aya, ko gicciye. Shawarar tana iya jawo masa ciniki, tana kuma iya jawo masa zargin wulaƙanta abin da jama'a ke girmamawa.

Wace irin haja ce?

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen adana fure. Ta farko ita ce busarwa, a rataye shi a inuwa ko a binne shi cikin wani sinadari mai tsotse laima. Ta biyu ita ce a cire ruwan jikinsa a maye gurbinsa da gilisarin da rini, sai ya ci gaba da laushi kamar yanzu aka tsinko shi, har tsawon shekara guda ko fiye. Ƙasashen Ekwado da Kolombiya da Kenya da Sin na cikin masu samar da irin wannan. Ba a ba shi ruwa, kuma laima da hasken rana kai tsaye suna lalata shi, shi ya sa ake sayar da shi cikin kwali mai murfi ko ƙoƙon gilashi, wanda a nan Arewa yake kare shi daga ƙurar hunturu.

Busasshen fure ba baƙo ba ne a wannan yanki. Zoɓo, wanda ake samu daga ƙoƙon furen yakuwa, manoman Jigawa da Kano da Bauchi ne ke noma shi, ana kuma fitar da shi har zuwa Meksiko. Wanda ke ƙulla zoɓo da dabino a matsayin kyautar azumi yana fuskantar tambaya iri ɗaya da mai sayar da furen wardi na ƙetare.

Ina ne ƙarshen kwalin?

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce inda mazubin zai ƙare. Kyauta guda tana da sutura uku. Akwai leda ko takardar waje, wadda ake yagewa a yar nan take. Akwai kwalin, wanda zai zauna a ɗaki muddin furen na da kyau, daga nan ya tafi juji. Sai katin gaisuwa, wanda wani ke ajiyewa wani kuma ke yarwa. Ke nan ko ba daɗe ko ba jima, dukkansu shara ce makomarsu.

A nan ne ayar Alƙur'ani da sunayen Allah suka bambanta da sauran ado. A ƙasar Hausa, yaro kan tashi da tarbiyyar cewa idan ya ga takarda mai rubutun Arabiyya a ƙasa, ya ɗauke ta ya soke a jikin bango, kuma ruwan da aka wanke allo da shi ba a zubar da shi a wuri mai ƙazanta. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar karatu yana ɗauke da ayoyi da zane masu launi, amma ratayewa ake yi, ba a nannaɗe kaya da shi. Ɗan kasuwar da ya buga aya a kan kwali dubu ya ɗora wa mutum dubu nauyin adana abin da ba su nema ba. Hatta suna irin Abdullahi ko Abdurrahman, idan aka rubuta shi da harufan Larabci, yana ɗauke da sunan Allah a cikinsa.

Manyan kamfanonin duniya sun sha yin tuntuɓe a wannan wuri. A shekarar 1994, lokacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, kamfanin McDonald's ya buga tutocin ƙasashen da ke gasar a jikin jakunkunan takardar da yake zuba abinci a Birtaniya, har da tutar Saudiyya mai ɗauke da kalmar shahada. Musulmi suka yi ƙorafi cewa jakunkunan kwandon shara za su nufa, kamfanin kuma ya janye su. A 1997 kamfanin Nike ya nemi afuwa, ya kuma janye takalma kimanin ƙafa 38,000 daga kasuwa, saboda zanen da ke jikinsu ya yi kama da sunan Allah. Idan kamfanoni masu tarin lauyoyi sun yi asara haka, ƙaramin ɗan kasuwa da ke zaune cikin unguwa ɗaya da abokan cinikinsa ya fi su abin tsoro.

Wannan ladabi bai tsaya ga Musulmi ba. Jihar Bauchi gida ce ga Musulmi da Kirista, kuma ayar Littafi Mai Tsarki ko hoton gicciye a kan ledar da za a taka a hanya ba zai yi wa mai ibada daɗi ba.

Alamar da ma'anarta ke sauyawa

Wata matsalar ita ce kwafo zane ba tare da sanin yadda ake fassara shi a yau ba. Tauraro mai tsini shida, wanda aka fi sani da hatimin Annabi Sulaiman, yana jikin anini da kwabo masu huji na zamanin Turawa, yana kuma jikin tutar Najeriya daga 1914 zuwa 1960. A yau mafi yawan masu kallo tutar Isra'ila za su tuna. Zanen gidaje-gidaje mai harufa da lambobi a ciki yana iya burge mai zane, amma mai saye zai ɗauke shi hatimin laya. Jan wardi cikin kwali mai siffar zuciya saƙon soyayya ne, ba a kai wa suruka shi ranar suna. Tambarin ƙasa kuwa doka ce ta taƙaita amfani da shi a harkar kasuwanci ba tare da izini ba.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne

Taskar adon gargajiya tana da faɗi. Akwai dagi, wanda ke jikin soraye da manyan riguna da kayan fata, wanda kuma ya zama tambarin Arewa tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Akwai aska takwas ta babbar riga, da zanen lalle, da sassaƙar ƙwarya, da launukan faifai. Shira kanta tana da duwatsunta masu ɗauke da zane-zanen mutanen da, kuma siffar waɗannan duwatsu ta isa ta zama tambarin da zai nuna asalin kaya. Jinjirin wata da fitila suna nuna azumi da Sallah ba tare da nassi ba, kuma gaisuwar "Barka da Sallah" ko "Barka da Kirsimeti" da boko ta isar da saƙo.

Hanya mafi sauƙi ga mai shago ita ce ya buga kwali iri ɗaya mai adon gargajiya, wanda zai shiga biki da suna da walima, sannan ya tanadi katuna daban-daban da mai saye zai zaɓa da kansa. Hakan yana rage kuɗin ɗab'i, ba ya kuma barin kaya su kwanta bayan Sallah ta wuce. Wanda ke son aya, a ba shi ita cikin firam ɗin da za a rataye. Kafin a kai zane wurin maɗaba'a, yana da kyau a nuna wa malami ko limamin coci da kuma wanda ya iya karanta Larabci, domin kuskuren harafi ɗaya kan sauya ma'ana. Idan kuma abin ci ko sha ne a ciki, kamar zoɓo, ƙa'idojin hukumar NAFDAC kan rajista da laƙabi suna nan daram.

Masu saƙar faifai da adudu na karkarar Katagum ma suna da rabo a wannan ciniki. Mazubin kaba da aka saƙa da kyau ba ya zuwa juji idan furen ya ƙare; uwargida za ta zuba turare ko sarƙa a ciki, kamar yadda kakarta ta yi da lefenta.