Kada Ku Baza Asusun Mamaci a WhatsApp

Wata ɗabi'a ta shigo gidajen da ake jiran rabon gado a Daura da kewaye, kuma gara a tare ta tun ba ta zama jiki ba. Uba ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba, sai 'yan uba su taso wa ɗan da ke riƙe da katin ATM ɗin tsohon: ina kuɗin Baba? Shi kuma don ya wanke kansa, sai ya ɗauko wayar marigayin, ya ɗauki hoton alat-alat ɗin banki ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a zauren dangi na WhatsApp, inda akwai surukai da 'yan uwan nesa da yara.

Magada suna da haƙƙin a yi musu hisabi, babu ja a nan. Wanda aka damƙa wa kuɗin mahaifi amana ya ɗauka, dole ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma ku duba abin da ke cikin hotunan nan. Ga sunan maƙwabcin da ya ranci kuɗin asibiti yana ɓoyewa ko ga iyalinsa. Ga ƙanwar marigayi, bazawara, da yake tura wa wani abu duk wata ba tare da kowa ya sani ba. Ga abin da ya ba amarya, ga na uwargida, alhali dukkansu suna cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, zukata ba su huce ba. Mutumin da ya yi shekaru yana rufa wa jama'a asiri, sai 'ya'yansa su tone shi a dare ɗaya. Magana kuwa zarar bunu ce, hoton da aka tura ya riga ya kai Kano da Legas kafin a tuna da gogewa.

Akwai kuma haɗarin rai. Mutanen Daura ba su manta da watan Mayun 2019 ba, lokacin da aka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, a ƙofar gidansa, sai bayan kusan wata 2 aka ceto shi a Kano. A jihar da masu garkuwa ke dogaro da 'yan rahoto, nuna wa duniya nawa ya rage a asusun gidanku ganganci ne. 'Yan damfara ma lambar asusu da ta waya suke nema, su kira gwauruwa da sunan ma'aikacin banki, su ce ta karanto BVN da lambar da ta shigo yanzu.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan da kuɗin uba suka cakuɗe da nasa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, dattawa da dama da suka sayar da dabba a kasuwar Mai'aduwa ko hatsi a Zango da Baure, ta asusun 'ya'yansu aka biya su, kuma aka ɗore a haka. Yau 'yan uwa na cewa sai ya buɗe musu asusunsa kaf. Ba sai ya nuna albashinsa da cefanen gidansa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrinsa, haka ma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Abin da ke kansa shi ne ya ware duk shigar da ta shafi kuɗin mahaifi, da rana da adadi da shaida.

Wurin wannan lissafi gaban alƙalin kotun Shari'a ne, ko gaban malamin da magada suka yarda da shi, ƙofa a rufe. Alƙali na da ikon rubuta wa banki, ya ga takarda cikakkiya, a fitar da bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba.

Kai mai riƙe da katin, daga ranar rasuwa kada ka sake kai shi wurin mai POS, ko da kuwa na likkafani ne, sai da sanin magada da shaidu, don kuɗin sun zama na kowa. Ka sanar da banki, ka adana layin wayar marigayin kada ya mutu a sayar wa wani. Wanda kuma mahaifinsa ke raye, ya sayi littafi yau, ya riƙa rubuta duk abin da ya ciro, tsohon yana sa hannu ko dangwala yatsa.