Sabis Ya Cika, Intanet Ta Ƙi: Gaskiya da Ƙarya a Kan Matsalar Data a Waya

Intanet ɗin wayar salula tana bi ta hannu da yawa kafin ta iso ga mai waya. Akwai wayar kanta da saitinta, akwai sim da halin da layin yake ciki a wajen kamfani, akwai tazarar da ke tsakanin waya da ƙarfen sabis, sannan akwai igiyoyin fayiba na ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin teku da suka haɗa ƙarfen da sauran duniya. Ko wanne ya samu tangarɗa, abin da mai waya zai gani ɗaya ne: shafi ya ƙi buɗewa, saƙon WhatsApp ya tsaya da alamar agogo. Shi ya sa maganganu suka yi yawa a kan magani, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa ƙanzon kurege ne.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai idan sabis ya cika, dole intanet ta yi gudu. Ba haka ba ne. 'Yan sandunan da ke saman fuskar waya ƙarfin siginar da ke isowa kawai suke nunawa, ba sa faɗin yawan jama'ar da ke kan ƙarfen sabis ɗin a wannan lokaci. Kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi, kamar famfon unguwa: kusancin gida da famfo ba ya rage layin jarkoki. Dalili ke nan da intanet ke jan ƙafa bayan sallar isha'i, ko a kasuwa da filin idi, amma ta yi gudu da asuba a wuri ɗaya da waya ɗaya. Ban da haka, kamfanonin ƙera waya ba su da ma'auni guda wajen zana sandunan, sanda uku a wata wayar na iya zama biyu a wata. Ma'auni na gaske lamba ce da ake rubutawa da dBm, kuma yawancin wayoyin Android suna nuna ta a saiti, sashen bayanin sim. A kan 4G, lamba wajen -80 sigina ce mai kyau, daga -110 zuwa ƙasa kuwa rauni ya bayyana.

Maganar danna alamar jirgin sama a kashe sabis na ɗan lokaci sannan a dawo da shi, gaskiya ce. Waya takan maƙale a kan ƙarfe mai nisa ko a kan 3G alhali akwai 4G a kusa. Idan aka katse ta, sai ta sake neman ƙarfe, ta sake gabatar da kanta ga kamfani. Kashe wayar a kunna ma haka yake yi. Sauya wuri shi ma ba camfi ba ne. Rufin kwano da bangon kankare mai rodi suna raunana sigina, don haka wanda ya fito tsakar gida ko ya matsa bakin taga yana da hujja, haka mutumin ƙauye da ya san tudun da ake hawa a samu sabis.

Abin da ba shi da tushe shi ne 'yar sitikar da ake mannawa a bayan waya da sunan janyo sabis. Ba ta haɗe da eriyar wayar, ba ta da wuta, babu abin da take ƙarawa sai nauyin aljihun mai sayarwa. Haka manhajojin da ke alkawarin ninka gudun intanet. Babu manhajar da za ta ƙara wa ƙarfen sabis ƙarfi, galibinsu talla suke nunawa, tallar kuma data take ci. Lambobin sirri da ake yawo da su ma haka: *#*#4636#*#* tana buɗe shafin gwaji a wayoyin Android da dama, inda ake ganin ƙarfin sigina a kuma zaɓi irin netwok, amma ba ta ƙara gudu. Wanda ya kulle wayarsa a kan 4G kaɗai daga wannan shafi yana iya wayar gari kira ba ya shigo masa, domin a layuka da yawa kira ta 2G ko 3G yake bi. Goge sim da tsumma kuwa yana da amfani ne kawai idan waya ta ce ba ta ga sim ba. Sim ko dai ya karantu ko bai karantu ba, datti ba ya rage masa gudu.

Idan kira yana tafiya amma intanet ta ƙi gaba ɗaya, yawanci laifin yana kusa. Farkon abin dubawa shi ne ko data ta ƙare ko wa'adinta ya wuce. A Najeriya, tun da hukumar NCC ta daidaita gajerun lambobi a 2023, *323# ce ke nuna ragowar data a duk manyan layuka. A waya mai sim biyu, sau da yawa datar tana kan layi ɗaya, wayar kuma an saita ta a kan ɗayan. Sai saitin APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Idan ya ɓaci, musamman bayan an cusa wani saitin da aka ce yana ba da data kyauta, kira zai yi aiki amma intanet ba za ta motsa ba, kuma mayar da shi yadda kamfani ya turo shi ne magani. Kwanan wata da agogon da suka karkace suna hana shafuka masu tsaro buɗewa. VPN, wadda mutane da yawa suka sa a waya lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, tana iya toshe komai idan ta kasa haɗuwa, kuma a mafi yawan lokuta rage gudu take yi, domin tana zagayawa da saƙo ta wata ƙasa. Mazauna bakin iyaka, irin su Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni, suna da tasu matsalar: waya kan kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta, intanet ta tsaya. Zaɓar kamfani da hannu a saiti yana magance wannan.

Sai ƙorafin da ya fi zafi, wai 4G da 5G suna zuƙe data fiye da 3G. A nan akwai gaskiya, amma ba yadda ake faɗarta ba. Hoto mai nauyin megabait biyar, megabait biyar zai ci ta kowace hanya aka sauke shi. Abin da ke sauyawa shi ne halin manhajoji: YouTube da makamantanta suna ɗaga kyawun bidiyo da kansu idan suka ga hanya ta buɗe, bidiyo mai kyau kuwa ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Bidiyon Facebook da TikTok suna fara sauka tun kafin a iso kansu. A bayan fage kuma manhajoji na sabunta kansu, hotuna na hawa ma'ajiya, ga ƙanen da aka raba wa data jiya bai cire ba. Wannan bai wanke kamfanoni daga kuskuren lissafi ba, sai dai kafin zargi ya kamata a buɗe sashen amfani da data a saiti, wanda ke jera abin da kowace manhaja ta ci.

Maganar cewa ruwan sama yana hana intanet ma rabin gaskiya ce. Zangon da waya ke magana da ƙarfen sabis a kansa bai cika damuwa da ruwa ba. Amma wasu ƙarafan suna haɗuwa da juna ta faifan da ke aiki a zango mai tsananin sama, wanda ruwa kamar da bakin ƙwarya ke raunanawa, ga ɗaukewar wuta da tsawa da ke zuwa tare da hadari. Akwai kuma ranakun da babu abin da mai waya zai iya yi ko kaɗan: aikin titi ya datse fayiba, janaretan ƙarfe ya rasa gas, ko hukuma ta rufe sadarwa kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta durƙushe a Najeriya da Gana da maƙwabtansu alhali sabis a cike yake a wayoyin mutane.

Batun cewa 5G ce ta kawo korona ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayar cuta ba ta bin igiyar rediyo. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya a Fabrairun 2020, gwanjon lasisin 5G sai a Disambar 2021 aka yi shi, MTN kuma ta fara aiki da ita a 2022.

Game da kai waya a yi mata filashin da zarar intanet ta ƙi, wannan gaggawa ce mai tsada, don yana share hotuna da lambobi, kuma ba ya gyara laifin da ke wajen kamfani. Akwai zaɓin mayar da saitin netwok kaɗai yadda yake tun farko, wanda ba ya taɓa hotuna, sai dai ya goge kalmomin sirrin Wi-Fi. Gwaji mafi sauƙi shi ne musanya: a sa sim ɗin a wata waya, a sa wani sim a wannan. Idan matsalar ta bi sim, to layin ne, wataƙila tsohon sim ne da ba ya ɗaukar 4G, kuma ana sauya shi a ofishin kamfani ba tare da rasa lamba ba. Idan ta tsaya a waya, to saiti ne, ko eriyar da ta taɓu bayan faɗuwa, ko wayar da aka shigo da ita daga waje ba ta kama zangon da kamfanin ke amfani da shi. Idan kuwa maƙwabta masu layi iri ɗaya duk suna kuka, laifin ba na wayar kowa ba ne. A Najeriya ana kiran kamfani a 300 a karɓi lambar ƙorafi, idan bai gyara ba a kai ƙara ga NCC a 622, kuma kiran kyauta ne.