Mallakar fili daban, izinin gini daban

Tun da rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin garin Sabon Birni da na Isa, fili ya yi daraja, zantuka kuma sun yi yawa a bakin dillalai. Wanda ya fi yawo shi ne wai da zarar ka biya kuɗi, mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun dangwala yatsa, shi ke nan ka gina abin da ka ga dama, ko shaguna ko gidan mai. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙaryar da ke haɗe da ita ce ke jawo asara.

Gaskiyar ita ce takardar ciniki tana da amfani, domin hujja ce a kotu cewa an sayar, an biya. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi kuwa haƙƙin zama ne, wanda takardar gwamnati kan ƙayyade shi zuwa shekara 99. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne, tun dokar Turawa ta 1910 ƙasa ke ƙarƙashin ikon gwamna. Filin da ke yankin da gwamna ya ayyana birni, shi ke ba da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma, sannan sashe na 22 ya ce wanda gwamna ya ba fili ba zai sayar ko ya jinginar da shi ba sai da yardar gwamnan. Abin da dillali ba ya faɗa shi ne takardar gwamnati tana ambata abin da aka ba da filin dominsa. Idan an rubuta gidan zama, mai da shi wurin kasuwanci na buƙatar izinin sauyi, ginin kansa na buƙatar amincewar hukumar tsara birane, gidan mai kuma sai da lasisin hukumar tarayya mai kula da harkar mai. Darajar fili tana tattare da abin da aka yarda a gina a kai, ba faɗinsa kaɗai ba.

Akwai kuma jita-jitar da ke tsorata talaka, wai duk wanda ba shi da takardar gwamna za a ƙwace gidansa ba ko sisi. Wannan ba haka ba ne. Sashe na 34 da na 36 sun amince da wanda ke riƙe da gidansa ko gonarsa tun kafin 1978, ko da ba shi da takarda. Gwamnati na iya karɓar fili don amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, amma sashe na 29 ya wajabta diyya a kan gini da amfanin gona. Tsurar ƙasa ce ba a biya wa, abin da ya kamata wanda ke sayen fili ya ajiye don riba ya sani ke nan.

Wani zai ce nan ba birnin Sakkwato ba ne, wa zai zo dubawa alhali ana fama da 'yan bindiga? Gaskiya ne jami'ai ba su cika leƙowa ba, amma jinkirinsu bai soke doka ba, kuma ranar da aikin hanya ya iso, jan fentin rusau a jikin bango ba ya tambayar shekarun gini. Ko da hukuma ba ta zo ba, ruwa zai zo. Garuruwan nan biyu a bakin fadama suke, kuma duk wanda ya toshe magudana da katanga, gidan maƙwabcinsa na laka ne zai fara jiƙewa a watan Agusta. Tun kafin Turawa, malamanmu na Malikiyya sun hana gini a hurumin hanya da na rijiya, sun hana cutar da maƙwabci, don haka ba a ce tsarin gari baƙon abu ne a ƙasar Gobir ba.

Ɗan uwa, kafin ka miƙa kuɗin da ka sayar da shanunka ka tara, je ofishin filaye a sakatariyar ƙaramar hukuma, ka tambaya ko filin na cikin shata, da abin da aka yarda a gina a kansa. Ka kuma je ka gan shi da idonka da damina.