Ƙasashen da Masu Farautar Manyan Namun Daji ke Zaɓa, da Dalilin da Ya Sa Yankari Ba Ya Cikinsu

Shirin musamman na wannan mako yana zuwa ne daga unguwar Parkchester da ke gundumar Bronx a birnin New York, kuma zai duba wata harka da ta haɗa attajiran Amurka da dazuzzukan Afirka fiye da shekara ɗari, wato farautar manyan namun daji wadda ake biyan kuɗi masu yawa a yi ta, domin a komo gida da kai ko ƙaho ko haure ko fata a kafa a bango. Ita ce za a riƙa kira farautar alfahari a cikin shirin, don a bambanta ta da farautar maharbin ƙasar Hausa, wanda ke shiga daji da baka ko adaka ko karnuka ya ciyar da gidansa, ya kai ragowar kasuwa.

Parkchester, wadda kamfanin inshora na Metropolitan Life ya gina a farkon shekarun 1940 da gidaje fiye da 12,000, tana cikin unguwannin Bronx da 'yan Afirka ta Yamma ke zaune a yau, har da masu jin Hausa daga Gana da Nijeriya da Nijar. Kaɗan yamma da unguwar akwai gidan namun daji na Bronx, wanda aka buɗe a 1899, kuma a nan ne labarin yake da tushe, domin ƙungiyar da ta kafa shi, wadda a yau ake kira Wildlife Conservation Society, ta fito ne a 1895 daga hannun manyan mafarauta 'yan ƙungiyar Boone and Crockett, ciki har da Theodore Roosevelt, ɗan birnin New York da ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909. Yana sauka daga mulki Roosevelt ya nufi Mambasa tare da ɗansa Kermit, ayarinsu ya ratsa gabashin Afirka har zuwa Khartum a 1910, suka tara wa gidan tarihi na Smithsonian dabbobi manya da ƙanana fiye da 11,000, waɗanda 512 daga cikinsu manyan namun daji ne da uban da ɗan suka harbe da hannunsu. A cikin gidan namun dajin kansa an fara tara kawuna da ƙahoni a 1906, aka gina musu ɗaki na musamman a 1922, domin masu tara su sun tabbata cewa dabbobin suna gab da ƙarewa kuma jikokinsu ba za su gan su da rai ba. A 1978 ne aka kwashe tarin aka miƙa wa ƙungiyar Boone and Crockett, lokacin da masu kula da gidan suka daina ganin kan dabba a bango a matsayin abin koyarwa. Tun daga farko ke nan, mai bindiga da mai kiyaye dabba a wannan birni mutum ɗaya ne, kuma gardamar da ake yi a yau a kan ko farauta na raya daji ko kashe shi, daga nan ta taso.

Amurkawa su ne suka fi kowa yawa a cikin masu zuwa Afirka wannan farauta, kuma mai niyyar tafiya yakan fara ne da zaɓen dabbar da yake so, ita kuma ta nuna masa ƙasa. Dabbobi biyar ne suka fi daraja a wurinsu, wato giwa da zaki da damisa da ɓauna da karkanda, saboda su ne suka fi haɗari ga mai bin su a ƙasa. Kuɗin kuwa kashi biyu ne: akwai kuɗin kwana, wanda ya ƙunshi masauki da abinci da mota da ladan ƙwararren maharbi mai lasisi da doka ta wajabta ya raka baƙo, sannan akwai kuɗin kan dabba, wanda ake biya idan an kashe ta, ko da kuwa rauni aka yi mata ta tsere. Barewa da danginta a Afirka ta Kudu ba sa wuce ɗaruruwa ko 'yan dubban daloli, amma giwa da zaki na cin dubbai gomomi, kuma a 2014 wani Ba'amurke ya biya dala 350,000 a gwanjon da aka yi a Dallas don izinin harbin baƙar karkanda guda a Namibiya.

Afirka ta Kudu ta fi karɓar baƙi saboda sauƙi da araha, sai dai yawancin farautarta a gandaye masu shinge ake yi, mallakar mutane masu kiwon namun daji, kuma a nan ne aka samu mummunar ɗabi'ar kiwon zakuna a keji a sake su gaban mai bindiga, abin da gwamnatin ƙasar ta ce a 2021 za ta kawo ƙarshensa, wanda kuma ko mafarautan kirki ke ƙyama. Namibiya ta bi wata hanya. Dokar 1996 ta bai wa ƙauyuka ikon kafa yankunan kiyaye namun daji na al'umma, waɗanda yanzu sun haura 80, kuma kuɗin farauta da naman dabbar da aka harbe suna komawa ga mutanen yankin, su biya albashin 'yan gadi daga cikin 'ya'yansu. Zimbabuwe ta fara irin wannan tsari a 1989 da shirin CAMPFIRE, ko da yake an sha kukan cewa hukumomin gundumomi suna riƙe kaso mai tsoka kafin kuɗin ya kai ƙauye. Tanzaniya tana ba da hayar manyan dazuzzuka marasa shinge, inda farautar giwa ko zaki ke buƙatar lasisin kwana 21. Kenya ta haramta farautar gaba ɗaya tun 1977. Botswana, mai giwaye kusan 130,000, ta hana ta a 2014, ta sake halatta ta a 2019 bayan manoma sun yi ta kukan ɓarnar gonaki da asarar rayuka, kuma a 2024 shugabanta na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya yi barazanar aika wa Jamus giwaye 20,000 da ta nemi taƙaita shigo da kayan farauta.

Bayan zaɓen ƙasa akwai shingen doka, wanda ya fi tsauri a ɓangaren Amurka. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 don daidaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tana buƙatar takardar izinin fitarwa daga ƙasar da aka yi farautar, kuma hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka na iya hana shigo da kan dabba idan ba ta gamsu cewa farautar ta amfani jinsin ba. Abubuwa sun ƙara tsananta bayan Yulin 2015, lokacin da wani likitan haƙori daga jihar Minnesota ya kashe sanannen zakin nan Cecil a gefen gandun Hwange na Zimbabuwe. Cikin 'yan makonni manyan kamfanonin jiragen saman Amurka suka daina ɗaukar kawunan dabbobin nan biyar, kuma a Disamban shekarar hukumar ta sa zakin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya cikin jerin dabbobin da ke bakin ƙarewa. Fatar da aka feɗe a daji, aka barbaɗe da gishiri, aka shanya a inuwa don kada gashin ya zube, takan yi watanni cikin akwatin katako tana jiran takardu kafin ta iso filin jirgin Kennedy, inda jami'ai ke buɗe akwatin su gwada abin da ke ciki da abin da aka rubuta. Ita kuma jihar New York ta tsaurara dokar cinikin hauren giwa a 2014, aka niƙe kusan tan biyu na kayan haure a dandalin Central Park a 2017.

Ga mai sauraro Bahaushe, abin da ya fi jan hankali a taswirar ƙasashen farautar shi ne ɓangaren da ya kusan zama fanko, wato Afirka ta Yamma. Wurin farauta mafi kusa da gida shi ne arewacin Kamaru, inda yankunan farauta da gwamnati ke ba haya suka kewaye gandayen Benuwe da Faro da Buba Njida, a lardin da Garwa ke zama babban birninsa, birnin da ake jin Hausa da Fulatanci a kasuwarsa, kuma mai makarantar horar da jami'an namun daji tun 1970. Abin da ke kai baƙi can shi ne wani ƙaton naman daji mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira eland na Derby, wanda ya fi dukan dangin gwanki girma, sai kuma gwankin kansa da kanki da mariya da gwambaza da ɓauna. Ana farautar ne da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, bayan an ƙone ciyawa, kuma aikin gaba ɗaya yana wuyan masu bin sawu 'yan yankin, waɗanda ke tashi da asuba su duƙa kan toka suna duban kofato, su murza kashin dabbar da yatsa don su san ko da dare ta wuce ko da hantsi, su lura da reshen da ta karya da ƙahonta ko ganyensa ya fara yaushi, sannan su yi tafiyar sa'o'i cikin zafin rana baƙo na biye. Wannan ilimi ne irin na sarkin baka da maharbansa, kuma abin takaici ne cewa sunan baƙon da ya ja kunamar bindiga ne ke shiga littafin bajinta, su kuwa masu ilimin sai ɗan ladan ƙarshen tafiya.

Yamma da Kamaru, gandayen W da Arli da Penjari, da suka haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sun taɓa samun yankunan farauta masu aiki a gefensu. A can ne kusan kashi 90 cikin ɗari na zakunan Afirka ta Yamma suka rage, waɗanda ƙidayar da aka wallafa a 2014 ta ce jimillarsu ba ta wuce kusan 400 ba. Rashin tsaro ya rufe yawancin harkar: a 2019 an sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a Penjari aka kashe jagoransu, a 2020 kuma aka kashe mutum takwas a Kure ta Nijar, wurin da raƙuman dawa na ƙarshe na wannan yanki ke kiwo. A Nijeriya ma haka abin yake, domin Sambisa da Kamuku da Falgore duk an keɓe su ne don namun daji, amma rashin tsaro ne sunayensu suka riƙa tuna wa mutane a shekarun baya-bayan nan.

A nan ne hujjar masu goyon bayan farautar ta fi ƙarfi, a nan ne kuma rauninta ya fi bayyana. Wani bincike na 2007 ya ƙiyasta cewa ƙasar da aka keɓe wa wannan farauta a Afirka kudu da Sahara ta kai murabba'in kilomita miliyan 1.4, fiye da faɗin gandayen ƙasa na ƙasashen da ake yin ta, kuma idan kamfanin farauta ya janye, abin da ke biyo baya yawanci garken shanu ne da masu gawayi da masu haƙar zinari da tarkon waya. Amma rahoton ƙungiyar kiyaye halittu ta IUCN na 2009 kan Afirka ta Yamma ya nuna cewa abin da ke isa hannun talakan ƙauye daga kuɗin ƙalilan ne ƙwarai idan an gwada da faɗin ƙasar da aka hana shi noma. Saboda haka tambayoyin da suka cancanci a yi wa kowace ƙasa kafin a zaɓe ta su ne waɗanda takardun talla ba sa amsawa: wa ya ƙirga dabbobin kafin a yanka kason da za a harbe, shin ana bin ƙa'idar barin zakin da bai kai shekara shida ba kamar yadda Tanzaniya ta tsara, kuma nawa ne ya kai ga manomin da giwa ta tattake masa dawa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gwamnatin da ta karɓi dalar baƙo ba ta tsare dajin ba, ta ci amanar dabbar da ta mutanen da ke maƙwabtaka da ita. Ga Musulmi akwai wani ma'auni kuma, domin Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a zaure, ta halatta farauta don buƙata, ta karhanta wadda ake yi don wasa kawai.

Yankari, da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, ba ya cikin wuraren da ake sayar da izinin harbi, kuma bai kamata ya shiga ba, domin abin da ya rage a cikinsa bai kai a ɗebi ko ɗaya ba. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Giwayensa, waɗanda suka haura 300 a ƙidayar shekarun baya, sun ragu zuwa wajen ɗari ko ɗari da 'yan kai bayan masu neman haure sun yi musu ɓarna, zakunansa kuwa 'yan ƙalilan ne, su da na gandun Kainji su ne na ƙarshe a Nijeriya. A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society mai hedikwata a gidan namun daji na Bronx don ta taimaka wajen tsaron gandun, aka horar da 'yan sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka kuma ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye aikin sanar da manoma idan garke ya doshi gonaki. Kashe giwaye ya ragu ƙwarai bayan 2015. Matsalolin da suka rage su ne shanun da ake kora cikin gandun da rani, da masu harbin ɓauna da gwanki don kasuwar naman daji, da haɗarin da 'yan sintiri ke fuskanta, waɗanda wasunsu suka rasa rayukansu a bakin aiki. Tun da babu kuɗin kan dabba, gandun ya dogara ne da kasafin jiha da gudummawar waje da kuɗin shiga na masu zuwa wanka a maɓuɓɓugar Wikki da kallon dabbobin da ke taruwa a bakin kogin Gaji daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu.