Yaron da Ke Toshe Kunnuwansa: Fargaba da Galahanga a Doka

Garin Doka yana kan hanyar da ta tashi daga Gadarif zuwa Gallabat, bakin iyakar Sudan da Habasha. Ƙasar riɗi ce da dawa, kuma Hausawa jikokin mahajjata sun daɗe suna noma a wannan jiha. A Nuwamban 2020 aka buɗe sansanin Um Rakuba kusa da garin domin waɗanda suka tsere wa yaƙin Tigray. Sai ga yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuma da Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, jama'a suka kwararo jihar Gadarif, har makarantu suka zama masauki.

A cikin wannan ƙaura akwai yaran da ba a cika tunawa da su ba, wato masu larurar da likitoci ke kira otizim, mu kuma muke cewa galahanga. Tun 1943, da likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a Amurka, ya lura cewa suna matuƙar son komai ya zauna yadda suka saba, kuma ƙara mai ƙarfi tana razana su. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da yawa ya nuna cewa kusan 40 cikin 100 na irin waɗannan yara da matasa suna fama da ciwon fargaba. To, ina ga yaron da a dare ɗaya ya rasa ɗakinsa da gadonsa da kwanon da ya saba cin kisra a ciki?

Matsalar ita ce tsoronsa ba ya fitowa da siffar tsoro. Yaro mai lafiyar baki zai ce, "Inna, ina jin tsoro." Wannan kuwa sai ya toshe kunnuwa idan tarakta ta wuce ko aka yi tsawa da damina. Ya ƙi barci, ya ƙi abinci, ya maimaita tambaya ɗaya sau ashirin, ko ya faɗi ƙasa yana kururuwa ranar kasuwa. Matashi kan yi kukan ciwon ciki kullum da safe don kada ya fita. Maƙwabta su ce an sangarta shi, wasu su ce iska ce ta taɓa shi, uba ya ɗauko bulala. Duka kuwa ƙara wa wuta makamashi ne.

Ya ku iyaye, a fara duba jiki, domin ciwon haƙori ko na kunne ko taurin bayan gida kan sa yaron da ba ya magana ya birkice. Bayan haka a tsara masa yini, ko da a kusurwar aji ake zaune. Lokutan salla biyar ma'auni ne da gudun hijira ba ya gusar da shi: bayan Asuba shayi, bayan La'asar wasa, bayan Isha'i kwanciya a tabarma ɗaya. A sanar da shi canji kafin ya zo, da gajeriyar magana ko zane a takarda. Idan yana jijjiga jiki ko kaɗa hannu, a ƙyale shi, kwantar da hankalinsa yake yi. Abin da yake tsoro kuma a kusanto da shi sannu-sannu, yau ya hango kasuwa daga nesa, jibi ya taka bakinta. Wannan ne ginshiƙin magani ta hanyar tattaunawa da masana halayyar ɗan Adam ke yi.

Mafi yawan likitocin ƙwaƙwalwa na Sudan a Khartum da Omdurman suke kafin yaƙi ya watsa su, saboda haka sau da yawa malamin unguwa ne ake fara kai wa yaro. Addu'a alheri ce, amma ɗaure yaro ko tofi da tsawa a kunnensa cuta ce. Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970, ya nemi likitoci su yi aiki tare da malamai. Malamin da ya ga yaro yana bugun kansa ko ya daina ci, to ya tura iyayen asibiti, kuma kada a saya masa ƙwayar barci a kanti ba da izinin likita ba.