Sayar da Kayan Gidan Tarihi ta Intanet: Abin da Jihar Neja Za ta Lura da Shi

Minna. A ranar kasuwar Gwada, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro, manyan motoci kan yi lodin doya zuwa biranen ƙasar nan, domin doya tana da dillalai da farashi da hanyar sufuri da kowa ya sani. Tukwanen da matan Gbagyi ke ginawa a wannan yanki ba su sami irin wannan gata ba, galibi a kasuwannin ƙauye cinikinsu ke ƙarewa. Wannan ne ya sa batun buɗe kanti a intanet ƙarƙashin gidan adana kayan tarihi ya cancanci nazari.

A ƙasashen waje, gidajen tarihi irin su British Museum na Landan da Metropolitan na New York sun daɗe suna samun kuɗin shiga daga sayar da littattafai, katuna da kwafin kayayyakin da suke nunawa. Muhimmancin ciniki ta intanet ya fito fili a 2020, lokacin da Hukumar UNESCO ta ba da rahoton cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya sun rufe ƙofofinsu saboda annobar korona.

Jihar Neja tana da hajar da za ta baje. A tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, aka nuna ayyukanta a Landan a 1958, ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20. Har ila yau, a 2021 UNESCO ta sanya Bida cikin jerin biranen fasaha saboda sana'o'in hannu, musamman ƙirar tagulla da duwatsun ado na gilashi. Sunan gidan tarihi na ƙasa da ke Minna zai iya zama shaidar inganci ga mai saye da bai taɓa taka jihar ba.

Sai dai kafa shafin shi ne mafi sauƙin aikin. Ana buƙatar hotuna masu kyau, bayanin girma da nauyin kowane kaya, sunan garin da aka yi shi, da farashi. Kamfanonin karɓar kuɗi kamar Paystack da Flutterwave sun sauƙaƙa biya da kati, suna cire wani kaso daga kowane ciniki. Wahalar tana wurare uku.

Na farko shi ne doka. Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta kuma hana fitar da irinsa waje ba tare da izini ba. Saboda haka abin da ke cikin ma'ajiyar gidan tarihi ba na sayarwa ba ne. Kantin zai sayar da sababbin kaya da kwafi ne kawai, kuma ya kamata kowanne ya tafi da takardar da ke nuna sabo ne, don kada jami'an kwastan su tsare shi a filin jirgin sama.

Na biyu shi ne sufuri. Tukunya tana da nauyi, tana cin wuri, ga saurin fashewa. Kamfanonin aika kaya kan auna nauyi da girman kwali, su caji wanda ya fi yawa, ta yadda kuɗin aika babban tulu zuwa Turai kan iya zarce kuɗin tulun kansa. Bugu da ƙari, matsalar tsaro da ta addabi sassan Shiroro a shekarun nan ta ƙara tsadar ɗauko kaya daga ƙauyuka. Hikima ita ce a fara da ƙananan kaya masu daraja, kamar duwatsun Bida, ƙananan kwanoni da littattafai, a kuma fara da masu saye na Abuja, Kaduna da Legas kafin a waiwayi ƙetare.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne yadda kuɗi zai isa hannun mai sana'a. Tun 2015 kuɗaɗen shigar hukumomin Gwamnatin Tarayya suna shiga Asusun Bai Ɗaya ne. Idan kuɗin tukunya ya bi wannan hanya, maginiya za ta iya jiran watanni kafin a biya ta, alhali jarinta bai wuce na mako ɗaya ba. Mafita ita ce masu sana'a su kafa ƙungiyar gama kai mai rajista da asusun banki, ta mallaki kayan, gidan tarihi ya karɓi la'ada a kan abin da aka sayar. Wajibi ne kuma a sa harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a Fabrairun 2020, cikin lissafin farashi.

Ma'aunin nasarar irin wannan kanti shi ne nawa ne daga cikin kowace Naira 100 da mai saye ya biya ke komawa ga wadda ta haƙo yumɓu ta gasa tukunyar. Idan rabonta bai fi abin da take samu a kasuwar Gwada ba, za ta ci gaba da kai kayanta can, kantin kuma ya rasa abin sayarwa.