ƘOFAR RATSEN ISKA CIKIN INJIN MOTA

Wuta ba ta ci sai da iska. Shi ya sa maƙeri ya ke zuga. Injin mota ma haka ya ke: in ya samu iska da yawa, ya ƙone isansi da yawa, ya yi ƙarfi.

Abin da ke yi wa inji zuga sunansa turbo. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya ƙago shi a 1905. An fara sa shi ga ƙananan motoci a Amurka a 1962.

Yaya turbo ke aiki?

Turbo yana da fanka biyu bisa sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko. Ta biyu kuwa ta jawo iska, ta matse ta, ta tura ta cikin tiyo zuwa inji. Fankokin suna juyi fiye da sau 100.000 cikin minti ɗaya.

Ina matsalar ta ke?

A bakin inji akwai wani marfi. In direba ya taka wuta, marfin ya buɗe. In ya ɗaga ƙafa don ya canja vites, marfin ya rufe nan take. Amma turbo bai tsaya ba, yana ta turo iska. Iskar ta rasa hanya, sai ta komo baya ta bugi fanka. In abin ya yawaita, sandar turbo ta gaji, ta lalace.

Maganin abin

Don haka aka yi wata ƴar ƙofa, ƙofar ratse. Cikinta akwai faifan roba, da murɗaɗɗiyar waya mai danne shi. Wani siririn tiyo ya haɗa ta da cikin inji. Sa'ad da marfi ya rufe, inji yana zuƙo iska ta siririn tiyon. Zuƙon ya ɗaga faifan, ƙofa ta buɗe. Iskar da ta taru ta ratse, ta koma bakin turbo. Da direba ya sake taka wuta, waya ta maida ƙofa ta rufe. A sababbin motoci da yawa, lantarki ne ke buɗe ta.

Yawancin motoci masu shan gazuwal ba su da wannan ƙofa, don iskarsu ba ta tsayawa haka.

A lura

Zafi da tsufa suna yaga robar. In ta yage, iska tana zurarewa, mota ta rasa ƙarfi wajen hawa. In ƙofar ta ƙi buɗewa, ana jin ƙara kamar fiffiken tantabara duk sa'ad da aka ɗaga ƙafa. Wanda ya ji haka ya kai motarsa garaji da wuri. Kuɗin ƴar ƙofa kaɗan ne, kuɗin turbo kuwa mai yawa ne.